Kwalaben da Na Dafa a Argungu

Asma'u, Nasiru, da kai Auta, wannan babin ne na fi jin nauyin rubutawa, shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye. Na ba ku labarin ƙuruciyata, na ba ku na aurena, sai na tsallake shekarar da babanku ya rasu kamar ba a yi ta ba. To yau ba zan tsallake ba. Kun taso kuna jin magana iri biyu a kan kwalaben nan. A Argungu an ce muku asiri na ajiye a ɗakin takaba har aka kama ni. Ku kuma da kuka girma kuka haɗa naku labarin, wai Baffanku Bawa ne ya farfasa su da taɓarya don mugunta, shi ya sa har ya koma ga Allah, Nasiru, gaisuwarka da shi ba ta wuce ta fatar baki ba. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma laifina ne da na yi shiru na bar ku da su.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato ne, zamanin da ko takardar hutu mutum yake nema a Birnin Kebbi sai an kai ta Sakkwato an sa hannu. Gesse ɗin nan da kuke taƙama da gidajenta, gonaki ce a lokacin. Babanku Garba yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin gwamnati a Birnin Kebbi. Ba malami ba ne, kada ku ƙara masa girman da bai nema ba. Shi ke wanke kwalabe, ya auna magunguna, ya jera wa ɗalibai kayan aiki. Malamin shi ne Malam Istifanus, mutumin wajen Jos, Kirista, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a kwatas. Shi ya karanto a wata mujallar masana cewa akwai wani farin gari da ake kira kaitosan, wanda mutanen bakin teku ke fitarwa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Idan aka narka shi aka tsoma tumatir ko albasa, sai ya yi musu wata siririyar riga da ido ba ya gani, su daɗe ba su ruɓe ba. Idan aka zuba shi a ruwa mai laka, sai lakar ta kwanta. Mu ba mu da teku, amma mujallar ta ce akwai irin funfunar da jikinta ke ɗauke da wannan abu, funfuna dai wadda kuka sani, mai fitowa a kan tuwon da aka manta.

Babanku ɗan manomin albasa ne. Ya taso yana kallon albasar mahaifinsa tana ruɓewa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, kafin kasuwa ta yi kyau, yana kallon tsohon yana tsince ruɓaɓɓun yana jifa. Ga kuma dusar shinkafa da ɓuntu tsibi-tsibi a bayan kowane injin casa, wani a ba dabbobi, saura a cinna masa wuta. Da ya ji cewa funfuna za ta ci wannan dusar ta ba da maganin ruɓa, sai abin ya shiga ransa ya zauna daram. Shi da Malam Istifanus suka shiga farautar funfuna. Ta burodi, ta ƙasan rumbu, ta bayan randa, babu wadda ba su ciyar ba. In ta cika kwalba su dafa ta da sodar sabulu, su wanke, su jiƙa a wani ruwa mai tsami, su tace, su sake zuba soda, sai wani abu ya taru a ƙasa kamar guntun kindirmo. Shi ake shanyawa ya zama garin. Amma duk wahalar nan, abin da suke samu bai fi a lakata da yatsa ba.

Wata damina na jiƙa wa akuyata dusa a ƙwarya, na tura bayan randa, aka kira ni barka, na manta da ita sam. Bayan kwana huɗu ina tsakar gida na ji muryarsa daga madafi.

"Kulu, zo ki ga abin da ƙiwuyarki tah haihwa."

Na je na same shi a tsugune, ƙwaryar ta cika fam da wani farin gashi mai tsayi kamar audugar da aka shiɓa. Kunya ta kama ni, na kai hannu zan ƙwace.

"Miƙo nan in zubda ƙazantag ga."

"Kak ki taɓa ta. Wagga ba irin waɗanda muka saba gani ba ta."

Haka ya ɗauki ƙwaryata a bainar jama'a har kwaleji, mutane na kallonsa. Kuma ita ce ta yi. Garin da ta bayar ya cika ƙaramin gwangwani, abin da ba su taɓa gani ba. Suka tsoma tumatir suka jera a taga tare da wanda ba a tsoma ba, wanda ba a tsoma ba ya yi ruwa ya zube, ɗan'uwansa yana nan da ƙyallinsa. Malam Istifanus ya ce sai an kai ta wata jami'a kafin a san sunanta na boko. Babanku ya ce shi ya riga ya raɗa mata suna. Tun daga ranar kowace kwalba sai ya manna mata takarda ya rubuta KULU da manyan baƙaƙe, wai don kada duniya ta manta da wadda ta fi kowa iya mantuwa.

Abu mai rai kuwa sai da ci. Duk mako biyu dole a ɗebo kaɗan daga tsohuwar kwalba a sa a sabuwar dusa. Wutar kwaleji ba ta da tabbas, ɗalibai kuma ba sa barin abu inda suka gan shi, don haka ya dawo da kwalabe huɗu gida, ya koya mini. Ranar Asabar da hantsi muke yi. In jiƙa dusa daidai yadda in an dunƙula ba za ta ɗiga ba, in ɗura a kwalba, in toshe da auduga, in turara a madambaci kamar mai dambu. In ta huce sai mu tura ku gidan Malam Istifanus, mu rufe ƙofa da taga don kada iska ta kawo wata funfunar, mu kunna risho. Ya ɗaure bakinsa da hankici, ni in ɗaure nawa da gefen mayafi. Ya ƙona bakin waya har ta yi ja, ya jira ta huce, ya taɓo farin gashin ya sa a sabuwar kwalba, ni kuma in mayar da auduga da sauri. Ba a magana, ba a tari. Kun san babanku ba mai yawan hira ba ne ko a sarari, amma a ɗakin nan idanunsa kaɗai nake gani a saman hankici, kuma dariya suke yi mini. Na yi shekara tara da shi, babu lokacin da na fi kewa kamar wannan rabin awar da ba ma cewa uffan.

Doka ɗaya ya kafa mini, ya maimaita ta har na gaji da ji.

"Tsohuwar kwalba ba a zubda ta da ranta, Kulu. Ki dahwa ta awa guda cur, ki ƙone audugar. Ba mu san abin da za ta yi ma ɗiyan mutane ba in sun shaƙa."

Malam Istifanus ya samu tafiya ƙarin karatu a Kudu na shekara guda, da niyyar in ya dawo su kai Kulun kwalba jami'a a duba ta. Da bazarar shekarar sanƙarau ya shigo gari. Ranar Talata babanku ya dawo daga aiki yana riƙe da ƙeya, ranar Juma'a aka yi masa sutura. Na so in ce muku ya bar mini wasiyyar kwalaben, da na samu hujjar da zan tsaya a kai. Bai bari ba. Ruwa kawai ya nema, na ba shi, ya kasa haɗiyewa. Gidan kwatas na gwamnati ne, don haka bayan addu'ar bakwai Baffanku Bawa, wan babanku, ya zo da mota ya kwashe mu zuwa gidan gado a Argungu in yi takaba a can. Na naɗe kwalabe huɗun a cikin zannuwana, na sa a ƙasan akwati, na rungume akwatin a cinya tun daga Ambursa saboda ramukan hanya. Bayan mako uku wasiƙar Malam Istifanus ta iso. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, a ƙarshe ya ce in don Allah zan iya, in riƙe masa Kulu da rai zuwa watan takwas.

Ɗakin da aka ba ni yana kusa da murhun Inna, kakarku. Sana'arta gumi ce, kullum tukunyar shinkafa na kan wuta, dusa kuwa har ta ishi mai nema. Mai takaba ba ta fita, ba ta kwalliya, ba ta turare, kwanakin kuma ba sa tafiya. Ni da waɗannan Asabar ɗin nake ƙirga nawa. In ranar ta zo sai in ji kamar zan yi baƙo. In turara dusata, in ce ku je wajen Inna, in rufe ƙofa da taga, in ɗaure bakina, in ƙona waya. Hannuna na yin abin da nasa ke yi, in na ɗaga kai babu idanun. Nakan gama in zauna in yi kukana a hankali don kada numfashina ya ɓata aikin. Ba don albasar kowa nake yi ba, kada in yi muku ƙarya. Duk abin da ya bari, rigunansa da agogonsa da kekensa, matattun kaya ne, an kuma raba su. Wannan kaɗai ke ci, yake girma, yake jiran hannuna.

Yanzu ku tsaya a tsakar gidan nan ku dube ni da idon Goggonku Hajo, ƙanwar babanku, wadda ta leƙo ta tsagar taga wata Asabar. Matar da mijinta ya mutu cikin kwana uku yana ƙarfinsa, ta kori 'ya'yanta, ta kulle ɗaki da rana tsaka, ta rufe fuska, tana ƙona ƙarfe a wuta tana tsoma shi a kwalbar da wani farin gashi ya cika, kuma a jikin kwalbar ga sunanta. Ko ni ce Hajo, abin da zan ce ke nan.

"Inna! Inna, taho ki gani da idonki! Sunanta na rubuce bisa kwalba!"

Na buɗe ƙofa na yi bayani iyakar iyawata. Na ce rubutun ɗansu ne, su duba. Inna ba ta karatun boko, Hajo kuma ta ce ai dama haka ake yi, a sa mutum ya rubuta da hannunsa. Sai wautata ta ba ni shawara in nuna musu amfanin abin. Na sa aka ɗebo ruwan gulbi, lokacin ruwa ya fara sauka, jawur yake da laka. Na narka ɗan garin da ya rage a ruwan lemun tsami, na zuba, na juya. Muna tsaye lakar ta dunƙule ta kwanta, ruwan ya yi garau har ana ganin gindin kwano. Na ɗago ina jiran a ce madalla. Hajo ta ja da baya ta kama haɓa.

"To kun gani. Mi ar rage kuma?"

Inna dai ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta ce, "Alif ma shina yin haka." Amma a hankali ta faɗa, kuma ba ta sake ba.

Kafin Juma'a magana ta kai bakin gulbi ta dawo. Masu sayen gumin Inna suka ragu. Asma'u, kina shekara bakwai, kin dawo daga makarantar allo kina tambayata ko gaskiya ne ni na cinye Baba. Ba ki tuna ba, na sani, ni ce ban manta ba. Da la'asar Baffanku ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ƙofata, ni ina ciki. Bai ɗaga murya ba, kuma har yau ina ganin girmansa a kan haka.

"Kulu, ni ban ce kin yi komi ba. Na san ƙanena, na san shina da irin wagga wauta ta 'yan boko. Amma gari ya ɗauka."

"Yaya, wata guda ar rage. Abokin aikinai na nan tahe. In yaz zaka, shi amshe su, shi ke nan."

"Wata guda, ɗiyan ga na hita waje ana nuna su da baki. Ki zaɓa. In kin raba kanki da kwalaben ga yau, gaban Inna, in kin gama takaba ki tahi da ɗiyanki, ba mai hana ki. In ko kin hi son kwalabe, ɗiyan ƙanena nan za su zamna."

Kun san yadda al'ada take, hakkinsa ne ya riƙe ku, babu alƙalin da zai ce masa don me. Na ce ya ba ni zuwa safe. Da hantsi na fito da kwalaben tsakar gida. Baffanku ya ce in ba Hajo ta kai bola ta zubar, magana ta ƙare. Ku saurara da kyau, nan ne wurin da nake so ku gane. Shi cewa ya yi a zubar. Ni na ce a'a. Na ce mai su ya ce ba a zubar da su da rai. Na ari babbar tukunyar gumin Inna, na cika ta da ruwa, na jera uku a ciki. Ta huɗun tana ɗaure a gefen zanena, a ƙarƙashin hijabi, babu wanda ya san da ita. Na ji sanyinta a cinyata, na ce a raina wa zai ƙirga? Sai ga ki, Asma'u, kin zo kin riƙe zanen nan daidai wurin, kin ɗago kina kallona. Na kwance ta na sa a tukunya. Na hura wuta da kaina, na zauna awa guda cur, da agogon babanku da ke hannun Baffanku aka duba. Na cire audugar na ƙone, takardun sunana suka jiƙe suka narke a ruwan. Inna ta zo ta zauna kusa da ni a kan turmi, tana tura itace.

Bayan kwana tara Malam Istifanus ya iso, ya riga lokacin da ya faɗa. Daga tasha ya wuto kai tsaye da jakarsa, ko gida bai je ba. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, na tsaya daga bayan ƙofa. Ya yi gaisuwa, sannan ya tambayi kwalaben. Na faɗa masa duka.

"Ba komai, Maman Asma'u. Yara sun fi. Ko Oga Garba abin da zai ce ke nan. A ina aka zubar? A nuna mini bolan."

"Ba a zubda ba. Dahwa su ni yi."

"Dafawa?"

"Awa guda, yadda yac ce."

"Audugan fa? Ko guda ɗaya?"

"Na ƙone."

Na ji ya ajiye jakarsa a ƙasa. Da ya yi magana, ba da ni yake ba, da kansa yake, amma na ji.

"Kai. Da a bola ne, da mun tono. Abin nan ko ya bushe ƙurmus, ƙwayansa na nan da rai. Ko a tsumma aka ƙulle dusan, zai kai shekara."

Ban san haka ba. Babanku bai taɓa gaya mini ba, ko don bai ga ranar da zan buƙaci sani ba, ko don shi ma yana son Asabar ɗin nan kamar yadda nake so. Da na bar Hajo ta yi abin da Baffanku ya ce, da ku kuna hannuna, Kulu kuma tana bola tana jiran mai tono. Da na shanya cokali ɗaya na dusar na ƙulle a bakin zane, babu mai ce mini komai. Babu wanda ya kashe aikin babanku sai wadda ta fi kowa bin maganarsa.

Malam Istifanus ya sake gwadawa shekara biyu, ya zo har madafina na Gwadangaji inda na kama haya bayan na koma koyarwa, ya kankare bayan randata. Abin da ya samu duk irin na da ne, na lakatar yatsa. Daga baya aka yi masa canjin wurin aiki, wasiƙu suka yi ta raguwa har suka tsaya. Baffanku kuwa ya cika alkawari, ranar da na fita takaba shi ya ɗora ku a mota da hannunsa. Nasiru, in ka je Argungu ka tsaya a kabarinsa ka yi masa addu'a da zuciya ɗaya, ba shi da alhakin kowa a wannan magana. Ban yi nadamar zaɓenku ba, ko sau dubu aka tsuguna a ƙofata ku zan zaɓa. Tukunyar nan ce kawai ba ta bar ni ba.

Saura abu ɗaya, Auta, tunda kai ne mai tsiyar cewa tsufa ya sa Mama ajiye ƙazanta, kuma matarka, Allah ya yi mata albarka, sau biyu tana wanke mini ƙwaryar a ɓoye. Duk damina in ruwa ya zauna, nakan jiƙa dusa in tura bayan randa in yi kamar na manta. Kwana huɗu nake ba ta. Baƙa ta fito, kore ta fito, wata shekara har mai ruwan ɗorawa na gani. Mai dogon farin gashin nan ba ta sake zuwa ba. Ko ta zo ban san wanda zan kai wa ba, ban ma tabbata idona zai gane ta ba yanzu. Amma a kwana huɗun nan, duk sanda na bi ta ƙofar madafi, kunnena na jiran a ce, Kulu, zo ki gani. Ku bar mini ƙwaryata inda take.